Ruwan da Jingarmu Ta Tare, Garin Wa Ya Tafi?

A daren da ruwa ya kusa cin garinmu a daminar 2022, babu namiji mai lafiya da ya kwana a ɗaki. Wasu na haƙar ƙasa, wasu na ɗura ta a buhunan taki, yara na riƙe da tocila, mata na aiko da kunu a bokiti. Liman da kansa ya naɗe ƙafar wando ya shiga layi, ana miƙa buhu hannu da hannu. Kafin asuba mun ƙara wa jingar gabas kamu ɗaya. Ruwa ya zo ya dake ta, ya yi ta lasar bakinta, bai haura ba. Gari na wayewa muka shiga yi wa juna barka.

Kawuna ne kaɗai bai saki fuska ba. Yana zaune a kan buhu yana kankare laka daga ƙafarsa ya kira ni. "Kai ɗan nan, ku da kuka yi boko, ruwan nan da muka tare, ƙasa ce ta shanye shi?" Na ce, "A'a Kawu, wucewa ya yi." Ya ce, "To ina ya wuce?" Kafin azahar amsa ta iso cikin kwalekwale. Ƙauyen tsallake, inda ƙanwar mahaifiyata take aure, ruwa ya shiga masa har ƙugu. Su ma sun yi tasu jingar, tamu ce dai ta fi tsayi.

Tun ranar nake juya maganar nan da ta cika bakin jami'ai da ma'aikatan ƙungiyoyi, cewa jama'a su tashi su kare kansu daga sauyin yanayi, kada su zauna jiran gwamnati. Ba baƙuwar magana ba ce a wurinmu. Aikin gayya muke ce mata, da ita aka gina ganuwa, da ita ake nome gonar marar lafiya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake faɗarta kamar kowane gari da kogin kansa. Daga Wudil zuwa Ringim, Taura, Miga, Auyo, Haɗejiya, Kirikasamma da Guri, ruwa ɗaya ne ke bi ta bayan gidajenmu, kuma duk buhun da wani ya ajiye a gabansa, wani ne zai ji a jikinsa. Kafin a gane inda gayya take da ƙarfi da inda hannunta ba ya kai, sai an rarrabe ruwan tukuna, domin abin da muke haɗawa mu kira ambaliya ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba.

A fara da sama. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun tashi da tsoron ƙarancin ruwa, ba yawansa ba. Kusan shekara ashirin damina na zuwa da rowa, fadamun da kakanni ba sa yarda su kwana a cikinsu suka bushe, har aka manta dalilin da ya sa tsofaffin garuruwa ke ɗare a kan tudu. Aka sauko aka yi gona, daga gona sai bukka, daga bukka sai soro. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, amma ba da halinsa na da ba. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa irin gagarumin hadarin nan mai zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya, yawan aukuwarsa ya ninka sau uku a yankin Sahel. Iska in ta yi zafi ta fi riƙe danshi: ƙarin digiri ɗaya yana ba ta damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Manomi bai karanta wata mujalla ba, amma zai gaya maka yanzu sai a yi kwana goma sha biyar gero na yaushi, sannan a dare ɗaya a zubo ruwan wata guda. Lissafin ba shi da wuya. Ruwan milimita 100 a kan hekta ɗaya lita miliyan ɗaya ne, wato jarka 40,000 mai cin lita 25. In ya sauka cikin sati biyu, ƙasa ta sha, dawa ta ji daɗi. In ya sauka tsakanin isha'i da asuba, sai ya nemi hanya.

Hanyar tasa kuwa ita ce babbar maganar. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin da ke ratsa Wudil, wanda in ya shigo Jigawa muke kira kogin Haɗejiya. Daga nan ƙasar a shimfiɗe take kamar tabarma, ruwa ba ya gudu, rarrafe yake yi, yana rarrabuwa tsakanin tsofaffin jigayi ya zama rassa: na Kafin Hausa, da Marma mai nufar tafkin Nguru, da Burum Gana, kafin abin da ya rage ya gamu da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe mai faɗawa tafkin Chadi. A da, kogin nan fuska biyu gare shi. Da marka ya zo da ƙarfi ya share yashin da ya taru a cikinsa, ya malale fadama ya bar mata laka mai taki. Da rani ya ƙafe, a ratsa shi da jaki, duk ciyawar da ta tsiro a ciki rana ta kashe ta.

Aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka ƙara da ta Challawa a Ƙaraye a 1992. Ni ba na cikin masu zagin dam. Shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa, da noman ranin Auyo, da ruwan famfon birnin Kano, duk albarkacinsu ne. Amma sun sauya wa kogin ɗabi'a. Babban ruwan marka mai share hanya ya ragu, yashi ya samu wurin zama. Ruwan da ake saki da rani kuma ya hana kogin ƙafewa. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa duk shekara, ga ragowar takin zamani daga gonaki: babu abin da ciyawar kacala take so a duniya irin wannan.

Wanda bai taɓa shiga cikinta ba, da wuya ya gane. Ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba. Saiwarta saƙa take yi a ƙarƙashin laka, duk guntuwar da ka bari sabuwar shuka ce, kanta kuma da ya bushe iska ta kwashi irin kamar audugar rimi. Tana tare yashi, yashin ya ɗaga cikin kogi, in cikin kogi ya ɗaga ta ƙara samun wurin tsayawa. A haka wasu rassan suka toshe har ruwa ya daina bin su, ƙauyukan bakinsu suka rasa kifi da noman fadama, wasu rassan kuma suka karɓi ruwan da ya fi ƙarfinsu, gonakinsu suka zama tafki shekara da shekaru. Ga tsuntsun jan-baki na kwana a cikinta ya sauka a kan shinkafa da sassafe, ga sauro, ga dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Duk shekarar da ruwa ya taso za ka ji ana cewa "an saki Tiga". Hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are ta sha bayyana cewa in dam ya cika tumbatsa yake yi ta mafitar da aka gina masa, ba wani ne ke tashi cikin dare ya buɗe ƙofa ba. A ganina wannan ja-in-ja tana ɗauke mana hankali daga abin da ke gabanmu. Kwanon da rabinsa yashi ne, ko ruwan moɗa ɗaya ka zuba masa zai zube.

Akwai kuma ruwan da babu ruwansa da kogi, shi ne mai cin unguwannin gefen gari, a Ringim, a Haɗejiya, a Wudil, har bayan birnin Kano. Kowane tsohon garin Hausa yana da kududdufai, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu. Muna raina su saboda wari da sauro, alhali su ne randar gari, a cikinsu ruwan unguwa ke taruwa ya nutse a hankali. Da fili ya yi tsada aka fara cike su da shara, a bi da jar ƙasa, a yanka fuloti. Wa ke sayen fulotin kududdufi? Ba mai kuɗi ba dai. Sau da yawa mutumin ƙauye ne da ruwa ya kora daga gonarsa, ya sayar da ɗan abin da ya rage ya shigo gari neman tudun mun tsira, dillali ya kai shi wurin cikin watan Maris, ƙasa a bushe ƙamas. Ya gudo wa ruwa ya yi gini a makwancin ruwa. Shi ya sa ba na yarda a raba matsalar ƙauye da ta unguwar talakawa a gari. Mutanen ɗaya ne, zango ne ya bambanta. A sabon zangon kuma ga rufin kwano: mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwan milimita 50, jarka 200 yake juyewa a lungu. Ninka wannan da gidajen unguwa, ka haɗa da tsakar gidan da aka shafe da siminti, da kwatar da ledar fiya wata ta toshe.

Abin da ke kashe mutane a irin wannan ruwa sau da yawa ba nutsewa ba ce, gini ne. Katangar ƙasa daga ƙafa take mutuwa. Ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu, ta tsotse shi zuwa sama kamar lagwani, gindin ya zama kunu, ga nauyin azara da ƙasar rufi a bisa, cikin dare ta zauna a kan masu barci.

A nan gayya take da ƙarfin da babu gwamnatin da za ta kama ƙafarta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu injiniyan da ya san cewa ruwan lungun mahauta ta bayan gidan ladan yake juyawa, amma tsohuwar da ta shekara arba'in tana share ƙofar gidan ta sani. A ɗaga gindin katanga da jeri uku ko huɗu na dutse ko bulo, a yi mata dakali mai gangara, a sabunta yaɓe da makuba, a tsawaita indararo kada ya riƙa zuba a gindin bango, a yashe kwata, a ɗaga bakin rijiya da na masai kada su haɗu su jawo amai da gudawa, a mayar da rumbu kan tudu. Babu ɗaya a ciki da ke bukatar taro a otal.

Matsalar lokaci ce. Duk wannan aikin rani ne, ƙasa a bushe, kogi ya ja baya. A lokacin kuwa majiya ƙarfin gari ba sa nan. Suna Kano, Abuja, Legas da Fatakwal wajen cin rani, wani na tura baro, wani acaɓa, wani ga-ruwa. Sai da ruwan shuka suke dawowa, kowa ya zarce gonarsa, ba a tuna jinga sai an ga ruwa a bakinta cikin Agusta. Jingar da aka ɗaga da daddare da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba a daddaɓe ta ba, babu ciyawar da ta kama ta, ba ta da tsawon rai. Buhun taki kuma rana ke cinye shi kafin wata daminar. Haka ake maimaita aiki ɗaya kowace shekara, kullum ana fafe gora ranar tafiya. Garuruwan da na ga sun ɗan samu sauƙi ba wani asiri suka yi ba. Sun sa wa gayyar rana tsayayya. Wanda ke gida ya ba da ƙarfi, wanda ke cin rani ya turo kuɗin buhu da na tifa ta waya, da kaka kowane magidanci ya auna kwano kaza na hatsi a ajiye, kuma a karanta sunayen waɗanda suka bayar a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Kunya tana tara kuɗin da haraji ba ya iya tarawa.

Kacala ma tana da lago. Ta cikin ganyenta take kai wa saiwa iska, saboda haka in an yanke ta a cikin ruwa yadda kututturen zai nutse, aka maimaita sau biyu ko uku kafin ta farfaɗo, shaƙewa take yi ta ruɓe. In a sama aka yanke ta, ko aka cinna mata wuta, aski aka yi mata. Masunta da manoman yankin Haɗejiya da Nguru sun sha fita da lauje da adda su buɗe hanyar ruwa, kuma inda aka buɗe, kifi da noma na dawowa. Amma aiki ne na tsayuwa cikin ruwa har ƙirji, ga matsattsaku ga maciji, kuma in garin gaba bai buɗe nasa ba, ka turo ruwa ne cikin rufaffen lungu.

Haka batun gargaɗi. Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar da ke lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma tana lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. Suna da amfani, sai dai a ce wa mutumin Auyo ƙaramar hukumarsa na cikin haɗari tamkar a ce masa gobe rana za ta fito ne. Shi abin da yake son ji, yaushe, kuma har ina? Ruwan kogin nan kwanaki yake yi a hanya. Sanda mai zane a gindin gada, da amintaccen mutum ɗaya da zai duba ta safe da yamma ya buga waya gaba, na gaba ma ya buga, mai shela ya zaga gari, sun fi takarda mai shafi ɗari. Sarkin Ruwa ya riga ya san kogi, lambar takwaransa na gari biyar sama da shi ce ba shi da ita. Kwana biyu sun isa a kwashe hatsi, a kai tsofaffi da masu ciki da dabbobi tudu da rana tsaka, ba a cunkusa su a kwalekwale cikin duhu ba.

Masu yabon ƙoƙarin jama'a suna yawan kawo misalin maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, inda tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututturen gawo da sauran itatuwa, suna rage masu rassa su bar mai ƙarfi ya tashi, har kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo. Misali ne na gaske, kuma mutanen Maigatari, Babura da Birniwa, waɗanda iska da rairayi ne damuwarsu, suna da abin ɗauka a ciki. Amma a lura da dalilin da ya sa abin ya yaɗu ba da sanda ba. Gawon da ka bari a gonarka amfaninka ne, kuma ba ya tura wa maƙwabci komai sai inuwa.

Jinga ba haka take ba, a nan muka dawo kan tambayar Kawu. Ba ta rage ruwa ko cokali ɗaya. Matse masa hanya take yi, shi kuwa in an matse shi tashi yake yi, ya ƙara gudu, ya nemi wuri mai rauni. Da can fadama ce ke karɓar rarar, yanzu fadamar gonar shinkafar wani ce, shi ma ya kewaye abarsa. Sai aka shiga tsere: mu ɗaga, su ɗaga, mu ƙara. Garin da ke da 'ya'ya a birni masu turo kuɗi, ko ɗan majalisa, ko hanyar da tifa za ta bi, shi ke cinyewa. Ƙaramin ƙauye, da rugar Fulanin da babu mai kiranta taro, su suke zama mafitar ruwa. Ba a rasa labarin masu fita cikin dare su fasa jingar maƙwabta, shi ya sa za ka ga samari da gora suna gadin tarin ƙasa kamar banki. Tana kuma da yaudara. In ta tsaya shekara uku mutane su saki jiki su yi gini a bayanta, ranar da ta fashe kuwa ruwan da zai shigo ba mai rarrafe ba ne.

Ita kanta kalmar al'umma tana rufe abubuwa da yawa. Taron ƙofar gidan dagaci ko bulama taron magidanta ne. Matan da ruwa ke tararwa a cikin gida, waɗanda adashensu ake fara taɓawa in an rasa, sai ta bayan labule ake jin ta bakinsu. Masunci na son ruwa ya daɗe, har ya kafa shinge ya tare hanya. Mai shinkafa na son ya zo da wuri ya janye da wuri. Makiyayi burtali da mashaya ne a gabansa. Mun kuma ga irin kwamitin da ake haifa ranar da aka ji baƙi na tafe da motoci masu tambari, a ɗauki hoto da shebur sabo fil, kwamitin ya mutu ranar da aka raba kuɗin zama. Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowace ƙungiya: me kuka yi kafin kowa ya ba ku sisi?

Kada kuma yabon gayya ya zama mafakar masu mulki. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma ba rashin zuciyar jama'a ne ya jawo ba. Yashe babban kogi ba aikin lauje ba ne. Injinan nan masu aiki a cikin ruwa da gwamnatin Jigawa ta sayo sun nuna bambanci, amma inji mai da gyara yake so kowace shekara, ba shekarar da aka yi kuka kaɗai ba. Lafiyar madatsun ruwa ba a hannun mai unguwa take ba, wanda ya tuna fashewar Bagauda a 1988 ko ya ga abin da Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024 ya san haka. Hana yanka fuloti a kududdufi da sa wa titi kwalbati daidai ruwansa, duk na hukuma ne. Kuɗi ma ba a ce babu ba. Akwai asusun kula da muhalli na tarayya tun 1981, ga shirin farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi, ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya domin jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda rance ne, mu za mu biya. Tun 2006 ma jihohi shida da wannan ruwa ya haɗa, Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka zauna a Damaturu suka amince da asusu na bai ɗaya domin kula da shi.

Wato a sama an daɗe da yarda cewa kogin ɗaya ne, a ƙasa kuma kowane gari ya iya kare kansa. Wurin da babu kowa shi ne tsakiya, tsakanin garuruwa goma ko ashirin da ke kan reshe ɗaya. Iyakar ƙaramar hukuma ba ta dace da hanyar ruwa ba, ta masarauta ma haka, tunda kogin yana ratsa ƙasar Ringim da ta Dutse da ta Haɗejiya. Duk da haka dagatai da hakimai ne suka fi kowa iya zaunar da mutane, don suna nan bayan an sauya gwamnati. Abin da za a zauna a kansa ba shi da yawa, sai dai yana da ɗaci. Ina jinga za ta tsaya a tsayi? Wane sati za a fita yankan kacala tare, a faro daga ƙasa a yi sama? Mafi ɗaci, gonar wa za a bar wa ruwa, kuma wa zai ciyar da mai gonar? Ƙasar da ta karɓi ruwa ba asara ba ce gaba ɗaya, tana ba da kifi, in ya janye a shuka wake ko kankana a kan danshi, rijiyoyin kewaye ma daga nan suke sha. Amma mutumin da shinkafarsa ta nutse cikin Satumba domin gari ya tsira, bashi yake bin garin, kuma ban ga inda aka taɓa rubuta masa shi ba.

Mu sai da aka shekara biyu ana gaisuwa sama-sama kafin dagacinmu da na ƙauyen tsallake suka zauna, a gindin tsamiyar da ke bakin mashigi. Wani dattijo daga tsallake ya miƙe ya ce wa namu dagacin, "Ranka ya daɗe, ba mu ce ku rushe jingarku ba. Ku dai nuna mana inda za ta tsaya, mu ma mu san inda za mu kwana." Aka sari alama a jikin tsamiyar, aka ce babu wanda zai wuce ta. Sarakunan ruwa biyu suka karɓi lambar juna. Aka sa satin yankan kacala.

Da aka zo kan inda za a bar mafita, kowa ya sunkuyar da kai, don kowa ya san wurin. Wata fadama ce arewa da mu, gidaje bakwai ke nomanta, Kawu na cikinsu. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke kafin ya ce shi bai ƙi ba, amma a gaya masa buhu nawa za a auna masa duk shekarar da ruwa ya shiga, kuma a hannun wa makullin rumbun zai zauna. Aka ɗage maganar sai bayan Sallah.